Karayar bakin gwiwa: falle za a ɗaura masa ko sanda za a zura?

Assalamu alaikum Likita. Yau kwana shida ke nan da maigidana, mai shekara 41, ya yi haɗari a kan babur, ƙashin cinyarsa ta dama ya karye dab da gwiwa. An ce karayar ta tsaga har cikin gaɓa. Tun daren da aka kai shi aka kafa masa wasu ƙarafa ta waje, daga cinya zuwa ƙwauri, aka ce a jira kumburi ya saɓe kafin a yi babban aikin. Likitansa ya ce fallen ƙarfe zai ɗaura masa da ƙusoshi. Ƙaninsa kuwa ya karanta a intanet cewa sandar da ake zurawa cikin ƙashi ta fi, har yana cewa mu canza likita. Mahaifiyarsu ita ba ta son ƙarfen ma sam, ta ce a sa masa siminti a bar ƙashi ya haɗe da kansa, don ƙarfe zai yi tsatsa a jiki. Shi mai jinyar ya ce duk abin da na ce shi ke nan. Yana shan sigari, ko hakan na da wani tasiri? Kaina ya ɗaure, maganar wa zan bi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba maigidanki lafiya. Bari in fara ba ki amsar a dunƙule, don na san wanda ke zaman jinya ba ya da natsuwar dogon karatu. Karayar da ta shiga cikin gaɓar gwiwa a jikin mutum mai shekara 41 aikin tiyata take so, siminti ba zai yi mata ba. Falle da ƙusoshi da likitansa ya ambata hanya ce sananniya, kuma ita aka fi bi idan gaɓa ta tsage. Babu dalilin canza likita don kawai bai ce sanda ba. Amma tunda mutum biyu za ki fahimtar a gida, kuma dukansu don ƙauna suke magana, gara ki san dalilan.

Ki kai hannu gwiwarki yanzu, ki lanƙwasa ta, ki taɓa gefe da gefen ƙoƙon gwiwa. Za ki ji dunƙule biyu masu tauri, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Ƙarshen ƙashin cinya ke nan. Daga sama ƙashin kamar bututu yake, bangonsa mai kauri, cikinsa ɓargo. Da ya doso gwiwa sai ya buɗe ya yi faɗi, bangon ya yi siriri, cikin ya zama kamar soso, ya ƙare da waɗannan dunƙule biyu da guringuntsi mai santsi ya lulluɓe. A kan santsin nan ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwa suke zamewa duk lokacin da mutum ya taka ko ya zauna. Likitocin ƙashi sun kasa karayar wannan wuri gida uku: wadda ta tsaya sama da gaɓa, wadda ta ɓalle dunƙule ɗaya ta bar ɗayan manne da ƙashi, da wadda ta raba dunƙulen biyu da juna kuma ta raba su da sauran ƙashin. Ki riƙe wannan rabon, domin shi ke zaɓen ƙarfen da za a sa.

Maganar Hajiya ta a bar ƙashi ya haɗe da kansa tana da tushe, don ƙashi da kansa yake haɗewa ko da ƙarfe ko babu. Matsalar ita ce a wane hali zai haɗe. Manyan tsokokin cinya na gaba da na baya suna jan guntun ƙasa zuwa sama, ƙafa ta gajarce. Tsokar sharaɓa, wadda ta samo tushe daga bayan waɗannan dunƙule biyu, tana jan guntun ta kifar da shi baya, kuma a bayan gwiwar ne babbar jijiyar jinin ƙafa ta ratsa. Siminti fata yake riƙewa daga waje, tsakaninsa da ƙashi akwai tsoka mai kauri, ba ya iya hana wannan ja. Har cikin shekarun 1960 yawancin masu irin wannan karaya kwantar da su ake yi makonni masu yawa, a rataya wa ƙafar nauyi tana ja, sannan a sa siminti. Ƙashin yakan haɗe, amma da yawa sun tashi da gwiwa a sandare, ko ƙafa a karkace. Ganin haka ne ya sa aka koma ga tiyata, musamman bayan wasu likitocin Suwizalan sun kafa ƙungiyar AO a 1958, suka tsara ƙa'idar da ake bi har yau: a mayar da ƙashi mazauninsa, a riƙe shi da kyau, a kiyaye jinin da ke ciyar da shi, a fara motsa gaɓa da wuri.

Batun tsatsa kuwa, ki kwantar mata da hankali cikin ladabi. Ƙarafan da ake sa wa mutum a jiki ko dai taitaniyam ne ko wani nau'in baƙin ƙarfe na musamman da ba ya tsatsa, kuma mutane na yin shekara talatin ko fiye da su ba tare da sun damu ba. Wasu sukan ce suna jin ɗan tsami a wurin lokacin sanyi, wannan kam ana ji daga bakin marasa lafiya, amma bai kai ya hana mutum harkarsa ba. In da hali, kada ki zama ke ce mai musu da ita. Ki roƙi likitan ya nuna mata hoton da idonta. Uwa in ta ga tsagar ƙashin ɗanta ta ratsa gaɓa, bayanin ya fi shiga da wanda suruka za ta yi mata.

Ƙarafan wajen nan da ke ba ki tsoro in kin kalla, na wucin gadi ne. Aikinsu su miƙe ƙafar, su riƙe tsawonta, su rage masa zafi, fata da tsoka su huce daga dukan da suka sha. Yanka fatar da ta kumbura ta yi tsam yana jawo ɗinki ya ƙi kamawa, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa zuwa ƙarfen, kuma wannan masifa ce da ta fi jiran kwanaki. Saboda haka jiran da ake yi ba sakaci ba ne. Sai dai ba a son ya zarce kamar mako biyu in babu wani dalili, domin ramukan da ƙarafan suka ratsa su ma suna iya ɗaukar ƙwayoyin cuta. Ki riƙa duba bakin kowane rami kullum. Ɗan ruwa garai-garai ba komai, amma ja mai yaɗuwa, ko mugunya, ko wari, a gaya wa ma'aikatan jinya nan take.

A ranar babban aikin, aiki biyu ne likita zai yi a yanka ɗaya. Na farko shi ne gyaran fuskar gaɓa. Zai buɗe ya ga guringuntsin da idonsa, ya jera gutsattsarin kamar mai haɗa fasasshen tulu, ya riƙe su da siraran wayoyi, sannan ya matse su da ƙusoshi irin na murɗawa, wato sukuru. A nan ba a yarda da kusa-kusa ba. Tudun da ya wuce milimita 2 a fuskar gaɓa ana ɗaukarsa kuskure, domin kowane taku zai riƙa goge guringuntsin da ke fuskantarsa har ya cinye, ciwon gaɓa ya kama mutum tun da sauran ƙuruciyarsa. Akwai kuma wata muguwar tsaga da ke ɓalle bayan dunƙulen, ana kiranta da sunan likitan Jamus Albert Hoffa. Tana yawan ɓuya a hoton eksire na yau da kullum, kuma tana buƙatar ƙusoshinta daban da za su ratsa tsakanin gaba da baya. Don haka tambayar farko da za ki yi wa likita ita ce ko an ɗauki hoton siti-sikan na gwiwar, wato hoton da ke nuna ƙashi yanka-yanka. Ga karayar da ta shiga gaɓa, a ganina bai kamata a shiga tiyata ba tare da shi ba in dai akwai na'urar.

Aiki na biyu shi ne haɗa wannan ginin gaɓar da dogon ƙashin da ke sama, kuma a nan ne kawai gardamar falle da sanda ta shigo. Fallen wani dogon ƙarfe ne da aka lanƙwasa daidai surar gefen ƙashin cinya na waje, kansa mai faɗi da ramuka da yawa. Na da can yana da baki kamar gizago da ake bugawa cikin dunƙulen a kusurwar digiri 95. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma sai ƙwararre, don in aka buga shi a karkace ƙafar ma a karkace za ta zauna. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka samu falle mai kulle, wanda kan kowace ƙusa yana da zare, ramin fallen ma yana da zare, sai ƙusar ta murɗu ta kulle a jikin fallen. Ƙusa biyar ko shida a cikin dunƙulen, kowacce ta nufi inda ta nufa kuma duk sun zama jiki ɗaya da fallen, suna riƙe ƙashi mai laushi ko wanda ya farfashe fiye da yadda tsohon salon ke iyawa. Galibi ba a ma tsaga cinyar gaba ɗaya. Ana buɗe wajen gwiwa, a zura fallen ta ƙarƙashin tsoka zuwa sama, a sa ƙusoshin sama ta ƙananan huji. Inda ƙashi ya dagargaje a tsakiya ba a taɓa shi, fallen ya tsallake shi kamar gada, domin gutsattsarin suna manne da naman da ke ba su jini, kuma daga nan sabon ƙashi zai tsiro.

Falle na da nasa rauni, kuma ya kamata ki sani. A gefe ɗaya yake zaune, nauyin jiki kuwa ta tsakiya da ta cikin cinya yake sauka. Idan bangon ƙashin na ciki ya ruguje babu abin tokarewa, fallen shi kaɗai ke ɗaukar lanƙwasa, ƙafa tana iya fara karkacewa a hankali. A irin wannan hali likitoci kan ƙara falle na biyu ta ciki, ko su haɗa falle da sanda. Abin mamaki kuma, riƙon da ya cika tsauri ma illa ne. Wurin da aka yi wa gada yana son ɗan motsi ƙanƙani, wanda ido ba ya gani, kafin jiki ya fara zuba sabon ƙashi. Gajeren falle da aka cika kowane raminsa da ƙusa yakan hana wannan motsin. Shi ya sa in kika ga hoton bayan aiki da dogon falle da ramuka a tsakiya babu ƙusa, kada ƙanin maigidanki ya ce an yi ha'inci. Da gangan aka bar su.

Yanzu ga sandar tasa. Bai yi ƙarya ba, sanda na da kyau. Gerhard Küntscher ya fara zura ta cikin ɓargon ƙashin cinya a Jamus a 1939, kuma har gobe ita ce kan gaba ga karayar tsakiyar cinya. Don karayar bakin gwiwa, daga ƙasa ake zura ta: a yi ɗan yanka a gaban gwiwa, a huda tsakanin dunƙulen biyu, a tura ta sama, a kulle ta da ƙusoshi sama da ƙasa. Da yake a tsakiyar ƙashi take, tana raba nauyi da shi, yankan ƙarami ne, kuma ba a taɓa naman da ke kewaye da karayar. Amma tana da sharaɗi. Dole guntun ƙasa ya kasance da isasshen ƙashi lafiyayye da ƙusoshin kullewa za su kama. In karayar sama da gaɓa take, ko tsaga ɗaya ce tak ta raba dunƙulen aka matse ta da ƙusa, sanda na iya yi. In gaɓar ta fashe gida uku ko huɗu, ko karayar ta yi ƙasa sosai, ƙofar shigar sandar ma a tsakiyar ɓarnar take, kuma babu abin da za ta kama. Ga shi ta cikin gwiwa ake shigar da ita, wasu kan yi fama da ciwon gaban gwiwa daga baya. Inda aka gwada hanyoyin biyu a kan karayar da kowacce za ta iya, ba a ga wani babban bambanci a haɗewar ƙashi ba.

Abin da shafukan intanet ba sa iya gani shi ne hoton maigidanki, kuma wanda ya riƙe hoton a hannu shi ke da maganar ƙarshe. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: falle a hannun likitan da ya saba da shi ya fi sanda a hannun wanda bai saba ba, haka ma in aka juya. Ni da ni ne ku, ba zan je ina ce wa likita ya sa kaza ba. Zan tambaye shi gida nawa gaɓar ta fashe, me ya sa ya zaɓi falle, ko bangon ciki zai buƙaci ƙarin tallafi, yaushe za a fara lanƙwasa gwiwar, yaushe kuma za a taka. Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, hasali ma yakan ɗauko takarda ya zana. In bayan haka zuciyarku ba ta kwanta ba, neman ra'ayin wani likitan ƙashin haƙƙinku ne, amma a kai masa hotunan, kuma kada a ɓata kwanaki ana yawo da mutumin da ƙarafa ke cikin ƙafarsa. Ki tabbata kuma shi maigidan ya ji bayanin da kunnensa. Na fahimci ya gaji ne ya miƙa miki wuƙa da nama, amma ƙafarsa ce, shi zai sa hannu a takarda, kuma shi zai sha wahalar watannin da ke tafe.

Sigarin da kika ambata a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba, ni shi ya fi tsaya mini a rai. Ƙarfe ba ya warkar da ƙashi, riƙewa kawai yake yi kafin ƙashin ya haɗe, kuma ko waya ce aka yi ta lanƙwasawa ana miƙewa, wata rana za ta karye. In ƙashi ya haɗe cikin wata uku zuwa shida, nauyi ya sauka daga kan fallen, shi ke nan. In ya ƙi haɗewa, fallen ko ƙusoshin za su gaji su karye, a koma tiyata, a ɗebo ƙashi daga ƙugu a cike wurin. Wannan wuri na cikin inda ƙin haɗewar ba baƙon abu ba ne. Sinadarin nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da ke kai abinci wurin karayar, hayaƙin kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka, ga ƙarin haɗarin ciwo ya ruɓe. Ciwon suga da ba a kula da shi ba da ƙiba mai yawa su ma suna cikin masu jawo hakan. Yau kwanansa shida a kwance, mai yiwuwa bai sha ko kara ɗaya ba. To ya ɗora daga nan. A gaya wa abokansa masu zuwa dubiya kada wanda ya kawo masa a ɓoye, kuma a nemi likita ya taimaka masa da hanyar dainawa.

Bayan aiki, abu biyu ne iyalai ke yawan juyawa. Lanƙwasa gwiwa da wuri ake farawa, sau da yawa cikin kwanakin farko. Taka ƙafa da nauyi kuwa ana jinkirtawa, ga karayar da ta shiga gaɓa yakan kai mako 10 zuwa 12, gwargwadon abin da hoto ya nuna. Masu jinya sai su yi akasin haka: su hana shi motsa gwiwar don tausayi, su tura masa matashi a ƙarƙashinta don ya ji daɗi, sannan da zafi ya lafa a mako na huɗu su ƙyale shi ya ajiye sandunan dogarawa ya taka zuwa banɗaki. Na ga wani magidanci da aikinsa ya yi kyau ƙwarai a hoto, amma ya dawo bayan wata biyu gwiwarsa ba ta miƙewa kuma ba ta lanƙwasa ta kai rabin abin da ake so, saboda matashin nan da tsoron zafi. Tsokar gaban cinya ta manne da ƙashi, sai da aka sake sa shi barci aka lanƙwasa gwiwar da ƙarfi. Matashi a ƙarƙashin diddige ake sa shi, gwiwa ta rataya ta miƙe. Don lanƙwasawa kuma, yana kwance a rigingine zai zarga tawul a tafin ƙafar, ya riƙe bakinsa biyu, ya riƙa jan diddigen yana zamewa a kan zanin gado zuwa mazaunai, ya tsaya inda ya ji ja, ya ƙirga goma, ya sake. Tafiya a fili na buƙatar kamar digiri 60, tashi daga kujera kuwa sai an kai wajen 90. Masu gashin ƙashi za su tsara masa adadin da ya dace da irin aikin da aka yi, kada ku tsallake ranakun zuwa wurinsu.

Za a ba shi allura ko ƙwayar hana jini daskarewa, ya sha har ƙarshen kwanakin da aka rubuta ko da yana jin garau. In sharaɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi masa wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne. Haka in tafin ƙafar ya yi sanyi ko ya mutu, ko zazzaɓi ya zo tare da ruwa daga ɗinki, ko ciwon da ya riga ya lafa ya dawo, ko kika lura ƙafar ta fara karkacewa.

Hajiya za ta tambayi yaushe za a cire ƙarfen. In bai dame shi ba, ba a cirewa. In kan fallen yana gogar jijiyar gefen gwiwa yana sa shi ciwo, ana iya cirewa bayan hoto ya tabbatar ƙashi ya haɗe sarai, kuma galibi ba kafin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Ya adana takardar da ke nuna irin ƙarfen da aka sa masa, domin za a tambaya duk ranar da ya buƙaci hoton maganaɗisu, wato MRI. Ki kuma shirya masa zuciya cewa gwiwar da ta fashe har gaɓa ba lallai ta koma daidai da 'yar'uwarta ba, durƙuso mai zurfi na iya yi masa wuya, kuma ƙarfin cinyar yakan ɗauki shekara guda kafin ya dawo. Gobe in likitan ya zo zagayen safe, ki sa ƙanin da Hajiya su kasance a wurin, a ɗaga hoton su gani tare, ƙanin ya yi tambayar sandarsa da bakinsa.